Rijiya da pampo na masu sha ne

Darasi don cibiyoyin yaƙi da jahilci na Tabla, Filinge da ƙasar Kurfai

Wanda ya taso daga Yamai, ya bi hanyar Baleyara zai je Filinge, yana shiga wani babban kwari mai farin rairayi, mai gawo da goriba. Sunansa Dallol Boso. Tabla tana cikin wanga kwari. A zamanin da, kogi ne mai gangarowa daga Azawak zuwa kogin Isa. Kogin ya ƙafe tun kafin kakannin kakanni, amma ruwan bai tafi duka ba. Ya kwanta ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa cikin kwari, wani wuri gaba biyu ko uku ake ginawa a tadda ruwa. Kan tudu kuwa, inda dutse yake, sai an yi gaba ashirin ko talatin, wani wuri ma fiye. Matan tudu sun san wagga wahala, tafin hannunsu shaida ne.

Ruwa kusa baiwa ce daga Allah. Amma abin da ke kusa da hannu yana kusa da ƙazanta kuma. Rairayi kamar rariya yake. Abin da anka zubar bisa, ba ya daɗewa sai ya kai ƙasa. Fitsarin dabba, ruwan salga, ruwan juji, takin zamani da maganin ƙwari na garka, duk suna iya bin rairayi su tadda ruwan sha. Rijiyar tudu tana da wuyar ja. Ta kwari kuwa wuyar tsarewa gare ta.

Yadda rijiyoyin ga sunka samu

A shekara ta 1963 gwamnati ta kafa ma'aikatar OFEDES don gina rijiyoyin siminti a karkara. Har yau tsofaffi suna kiran irin wagga rijiya mai faɗin baki da sunan ma'aikatar. Bayan farin 1973 da 1974, da kuma na 1984, aikin ya ƙaru. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekara goma, daga 1981 zuwa 1990, don samar da ruwan sha. A lokacin ne motocin haƙa sunka shiga ƙauyuka, anka yi foraji masu yawa, anka sa masu pampo. Akwai na taka ƙafa mai suna Vergnet, akwai na hannu mai suna India Mark II, akwai wasu. Daga baya kuma shato ya zo, da tiyo, da pampon da ke aiki da hasken rana.

Ranar buɗe pampo, gari yakan cika da guɗa. Bayan shekara uku ko huɗu, a wurare da yawa, sai a tadda awaki kwance a inuwarsa, mata kuwa sun koma tabki. Ba don ruwa ya ƙare ba. Sau da yawa wata ƴar roba ce ta cinye, wadda kuɗinta bai kai na tunkiya ba. Mutane sunka ce pampon gwamnati ne, wanda ya kawo shi zai zo ya gyara. Wanda ya kawo shi kuwa ya gama aikinsa ya tafi.

Dokar ruwa ta Nijar, wadda anka sa ma hannu ranar 1 ga Afrilu 2010, ta yi bayani kan wannan. Masu amfani da ruwa su ne za su ɗauki nauyin tafiyar da wurin ruwansu da gyaransa. Ƙaramar hukuma ce mai sa ido. Inda shato yake, ana iya ba wani ɗan kasuwa riƙonsa bisa yarjejeniya a rubuce, masu sha kuma su kafa ƙungiya mai bin hakkinsu. Inda rijiya ce ko pampo guda, kwamitin gari ne mai riƙo. A ƙa'idar ma'aikatar ruwa, wurin ruwa guda na mutum 250 ne. Garin da ya ninka haka yana shan pampo guda, to, pamponsa yana aikin biyu, kuma zai riga na maƙwabta tsufa. Garuruwan da sunka karɓi baƙi masu gudun rashin kwanciyar hankali na shekarun ga sun fi kowa sanin haka.

Pampo ba ya mutuwa rana ɗaya

Kamar jaki yake. Kafin ya faɗi sai ya yi ɗingishi. Idan da safe sai an daɗe ana bugawa kafin ruwa ya fito, akwai wurin da ke yoyo a ƙasa. Idan hannun pampo yana lilo hagu da dama, ko yana kuka, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Idan ruwa ya fara fitowa da rairayi ko da ja, a kira mai gyara tun ranar. Ga pampon hannu, a buɗe kansa lokaci lokaci, a shafa ma sarƙa maiko, a ɗaure kusoshin da sunka saki. Ga na ƙafa, ƴan robobin da ke ƙarƙashin matakin su ne masu saurin cinyewa, kuma mutumin gari da anka koya ma yana iya canza su ba tare da an fidda tiyo ba. Yara su bar hawa bisa hannun pampo suna wasan doki. Manya kuma su bar buga shi da fushi. Bugu mai tsawo a hankali ya fi kawo ruwa.

Ga wani gwaji wanda duk mai zuwa cibiya zai iya. Ran farko ga wata, a kawo bido mai lita 20, a ƙirga bugu nawa ke cika shi, a rubuta. Wata mai zuwa a sake, da bido ɗin nan dai. Idan lambar tana hawa wata bayan wata, pampo ya fara ciwo, ko da ido bai gani ba. Mai gyara da anka nuna ma wagga takarda ya san abin da zai riƙo tun daga gida. Bai yi tafiya biyu ba, gari bai biya kuɗin mota biyu ba.

Asusu da littafi

Nan ne gizo ke saƙa. Gari da yawa suna da niyya, suna da mai gyara kusa, amma ranar da pampo ya tsaya babu ko dala a ajiye. Sai a fara bin gida gida. Wane ya tafi cin rani, wane sai ya sai da akuya ran Lahadi a kasuwar Baleyara, wane ya ce shi rijiyar garka yake sha. Kafin kuɗi su haɗu an yi wata biyu. Cikin wata biyun nan yara sun sha ruwan tabki, kuɗin da anka ƙi ba pampo an kai su gidan likita.

Kuɗin gyara ana tara su ne tun pampo yana da lafiya. Wasu garuruwa suna biya bisa kowane bido. Wasu suna biya gida gida kowane wata. Wasu suna auna hatsi da kaka, a ajiye, a sai da shi da bazara in ya yi tsada. Kowace hanya tana da kyau in jama'a sun yarda da ita a bainar kowa, kuma an san waɗanda anka ɗauke ma, kamar tsohuwar da ba ta da kowa. Ga misali. A ce gari yana da gida 50. Kowane gida ya ba da dala 40 a wata, wato sefa 200. A wata an samu sefa 10.000, jika goma ke nan. A shekara jika 120. A ce gyaran shekara ya ci jika 45, an ba mai tsaron pampo jika 24. Saura jika 51. Waɗannan ba rara ba ne da za a yi biki da su. Su ne za su jira ranar babban ciwo, ranar da za a canza tiyo ko a sayi sabon pampo.

To, me ke kashe asusu? Ba sata ce kullum ba. Galibi rance ne. Ma'aji mutumin kirki ne, ɗan'uwansa ya zo da haihuwa ko rasuwa, ya ce da kaka zai mayar. Wani babba ya aiko, ba a iya ce masa a'a. Ba a rubuta ba. Bayan shekara, ma'aji ya ce jika ashirin ya sani, jama'a sun ce hamsin sunka tara. Babu mai shaida sai Allah. Daga nan zargi ya shiga, kowa ya riƙe aljihunsa. An ga ƴan'uwa sun bar gaisawa kan haka, pampo kuwa yana nan ya yi tsatsa.

Maganin wannan littafi ne. A ja layi a raba shafi huɗu: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kowace dala a rubuta ta ranar da ta motsa, ba gobe ba. Abin da anka saya, a karɓo takardar shaida a liƙa. Mai riƙon littafi daban, mai riƙon kuɗi daban. Matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda sunka faro a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna hanya: akwati guda, kwaɗo uku, mabuɗi uku a hannun mutum uku. Babu mai buɗewa shi kaɗai, babu wanda za a matsa ma da dare. Idan kuɗi sun yi yawa, a kai su asusun ajiya, kada a fidda sai da sa hannun mutum biyu.

Kwamiti kuma kada ya zama na maza zalla. Mata su ne ke bakin pampo safe da marece. Su ke fara jin kukansa. Kwamitin da ba mace a ciki yakan ji labarin ciwo ne bayan mutuwa.

Wata uku uku, a tara gari a ƙofar mai gari, a karanta littafin da ƙarfi. A yankin ga Bakurfaye, Bazabarme, Bafillace da Ba'abzine rijiya ɗaya suke sha, saboda haka a maimaita lissafin da harshen da kowa ke ji. A da, sai an nemi ɗan lakkol ko baƙo ya karanta. Yanzu akwai manya maza da mata da sunka koyi baƙi da lamba a cibiya. Idan mutum biyar a gari suna iya duba littafin, wuya ne a cuci gari, wuya ne kuma a yi ma ma'aji ƙazafi. Littafin yana kare shi kamar yadda yake kare kuɗin.

Inda pampo ke aiki da hasken rana, akan ji wasu suna cewa rana kyauta ce, don me za a biya? Gaskiya ne rana ba ta karɓar kuɗi. Amma injin da ke ƙasan foraji, da akwatin wuta, da tiyo, duk suna da ajali, kuma sun fi pampon hannu tsada nesa. Garin da ya bar biya don babu sayen mai, ranar da injin ya ƙone zai ga shato tsaye babu ɗigo. Faifan hasken rana kuma yana son wanka. Ƙurar hunturu in ta rufe shi, ruwa yana raguwa. A goge shi da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, da sassafe ko da marece, ba da tsakar rana yana zafi ba. A kewaye shi, a sare reshen da ke yi masa inuwa, a hana masu jona waya don cika salula.

Bakin rijiya

Rijiyar siminti ba ta da roba ko sarƙa, amma tana da nata buƙatu. Dakalin bakinta in ya tsage, a liƙe da siminti tun tsagar tana ƙarama, don ta nan ruwan caɓi ke komawa ciki. A yi magudana mai kai ruwan da ya zube nesa. A yi shinge mai ƙofa. Kwamin dabbobi a ja shi gefe. Wanki da wanka su ma can gefe. Igiya da guga kada su kwana a ƙasa cikin kashin shanu, a kafa gwafa a rataye su. Salga da juji su yi nisan mita 30 ko fiye da rijiya, kuma ta ɓangaren gangare. Cikin rairayin kwari, abin da ya fi haka nisa ya fi.

Makiyayi mai wucewa yana da hakkin shayarwa a rijiyar jama'a, dokar karkara ta 1993 ta tabbatar da haka. Abin da ke hana faɗa shi ne a shirya tun kafin rani ya yi tsanani: lokacin mata, lokacin garke, da abin da mai garke zai sa a asusu.

Ana yasar rijiya ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Nan akwai hatsarin rai. Rijiya mai zurfi takan tara mugunyar iska wadda ba ta da wari. Kafin mutum ya sauka, a zura fitila mai harshen wuta. In ta mutu, kada kowa ya shiga. Mai sauka a ɗaura masa igiya a ƙugu, ƙarfafa biyu suna riƙe a bisa. Injin ban ruwa mai shan mai kada a taɓa tada shi cikin rijiya ko dab da bakinta alhali mutum yana ciki, hayaƙinsa yana kisa. Idan na ciki ya faɗi, a jawo shi da igiya. Mai zuciya da ya diro don ceto ba igiya, sau da yawa gawa biyu ake fiddawa.

Daga rijiya zuwa randa

Ruwa yana iya fitowa pampo garau ya lalace a hanya. Bidon da ba a wankewa yana yin kore a ciki. Randa buɗe, da moɗa a ƙasa wadda yaro da kaza ke taɓawa, sun isa su ɓata aikin gari duka. A wanke randa kafin a zuba sabon ruwa, a rufe ta, a rataye moɗa mai mariƙi, a bar tsoma hannu. Ciwon kurkunu da ya kwantar da manoma a tsakiyar damana ya kau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi a 2013. Tace ruwa da gyaran wuraren sha ne sunka kore shi, ba allura ba. Amma zawo, da amai da zawo, suna nan, kuma ƙananan yara sunka fi ɗauka. Ruwan da ake shakka, a sa masa ƙwayar Aquatabs ko ruwan javel bisa awon da ma'aikacin lafiya ya faɗa, a jira minti 30 kafin a sha.

Tattali kuma ba rowa ba ne. Ba a rage ma yaro ruwan sha, ba a rage wanke hannu da sabulu. Ɓarna ake ragewa. Bidon da anka bari yana ambaliya ana hira, da kan pampo mai ɗiga dare da rana, su ne ɓarayi. Ruwan wanke hatsi da na alwala, a zuba su gindin zogale ko dogon yaro. Na wankin tufa ya kashe ƙurar tsakar gida.

Icce

Wadda ke ɗaukar ruwa ita ce ke ɗaukar icce, kuma kowace shekara dajin yana ƙara nisa. Motoci suna kwasar icce zuwa Yamai. Tun 1992 doka ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin icce na karkara, su riƙa sara bisa ƙa'ida, su ci amfanin dajinsu. Matatar man Zinder ta fara aiki a 2011, gas ya yawaita a birane, amma a ƙauye tuwo da icce yake dahuwa.

Saran daji ya shafi rijiya, ko da yake ba yadda aka saba faɗa ba. Masana da sunka daɗe suna auna rijiyoyin Fakara, gabas da Yamai, sun tadda ruwan ƙasa ya hau tun daga shekarun 1960, duk da fari. Dalili shi ne tudu ya zama tsirara, ruwan sama ba ya tsayawa a gona, yana gudu ya taru a tabkuna ya nutse. Wannan ba riba ba ce. Gona ta rasa laima, ƙorama ta ci hanya, rairayi ya binne garka da bakin rijiya, ambaliya ta tura ƙazanta ciki.

Murhun duwatsu uku yana ba iska mafi yawan wutarsa. Tun shekarun 1980 anka yaɗa murhu iri biyu a Nijar: Mai Sauƙi na ƙarfe, wanda maƙera ke yi, da Albarka na laka, wanda mace ke ginawa da hannunta. Laka ce da ciyawa da kashin jaki, a kwaɓa, a bari ta kwana, a gina daidai da tukunyar da za a ɗora. In murhu ya fi tukunya girma, wuta ta gudu. In ya tsage, a shafe shi kamar yadda ake yaɓen rumbu, a rufe shi in hadari ya taso. Mai shakka ta gwada: ta raba icce dami biyu daidai, ta yi girki da guda a tsohon murhu, da guda a sabo, ta ƙirga kwana nawa kowane ya yi. Icce busasshe, fasasshe, ƙwaya biyu ko uku ya isa. Wake a jiƙa shi tun dare. Tukunya a rufe. In an sauke, a zare sauran iccen a kashe da rairayi don gobe. Karan hatsi da kashin shanu kuwa abincin gona ne. Wanda ya ƙone su da rani zai nemi su da damana.

Aikin cibiya na wanga mako

Kowane ɗalibi ya nemi kan pampo mai ɗiga, ko bido mai yoyo, ya tara kwano awa guda, ya auna. A ce ya samu lita 1. Kwana guda awa 24 ne, lita 24 ke nan. Wata guda lita 720, wato bido 36 mai lita 20. Idan ana sai da bido dala 5, a lissafa kuɗin da sunka zube ƙasa a wata, da kuma a shekara. Bayan haka malami ya nemi izinin kwamitin ruwa, a kawo littafin asusu cibiya, ɗalibai su karanta shafin watan jiya, su haɗa abin da ya shigo, su ɗebe abin da ya fita, su gani ko ya yi daidai da abin da ke cikin akwati. Garin da ba shi da littafi, a ja layin shafin farko a wanga zama.